Allon Ƙofa ta Biyu

Sunana Pundalik, sana'ata rubutun allo.
A Panaji nake, inda kogin Mandovi ke haɗiye damina
ya amayar da ita a teku.
Shekara talatin da huɗu ina hawa bene ɗaya
da gwangwanin ruwan zinare da buroshin gashin kurege,
ina rubuta sunan mutum na biyu
a ƙofar da ke kallon ta farko.

Allon ƙofar farko na tagulla ne, daga nesa ake kawo shi.
Nawa katako ne.
Katako yana jure kankara,
shi ya sa aka ba ni.

Ɗana da ya karanta shari'a ya ce,
"Baba, kundin ƙasa bai san kujerar nan ba,
ka bi shi shafi-shafi, babu ita."
Na ce, to wa nake yi wa fenti?
Ya ce, "Maɗauri kake yi wa fenti,
wanda ke riƙe jam'iyyu wuri guda
kada tsintsiya ta watse ba a gama shara ba."

Anselmo ne na farko a hannuna.
Wata bakwai.
Fenti bai gama shan iska ba aka ce in kankare.
Ya tsaya a bayana har na kai harafin ƙarshe,
ya ce, "Bar mini zagayayyen nan,
da sifiri ya yi kama, kuma shi na samu."

Vasudev kuwa jiran gawon shanu ya yi.
Kullum sai ya tambayi lafiyar maigida,
tambayar da ta fi ta likita zurfi.
Maigida ya yi tari sau ɗaya, ya je ya ɗinka sabuwar kwat.
Maigida ya warke sarai,
shi ya aza furanni a kan makarar Vasudev.

Akwai shekarar da aka ce alluna biyu nake yi,
mataimaka biyu, baranda ɗaya.
Na auna haruffa da zare
don kada na wani ya ɗara na wani ko da ƙwayar shinkafa.
Duk da haka aka tashe ni cikin dare,
wai zinaren wancan ya fi ƙyalli.

Akwai shekara shida da babu kowa.
Ɗakin ya zama ma'ajin laimomi da matattun fankoki,
ban kuwa ji an ce kwakwa ta ƙi nuna ba.

Sai Filomena.
Daren da ruwa ya cinye gadar kudu
maigida yana Delhi, waya ta mutu.
Ita ta sa hannu, ita ta tura jiragen masunta,
ta kwana tsaye a makarantar da aka tara jama'a,
zane jiƙe har gwiwa,
tana ƙirga yara da tocila, ta sake ƙirgawa.
Da gari ya waye jirgin sama ya sauka,
jaridu suka ɗauki wanda ya sauko.
Ita tana gefe, kafaɗarta kaɗai ta fito.
Na yanke kafaɗar nan da almakashi,
tana cikin akwatin buroshina har yau.

Bana hannuna ya fara rawa.
Sun kawo allon roba mai tsaga a gefe,
a zura suna da safe, a zare da yamma,
ba ruwansu da ni.

Na ɗauko tsohon allon zuwa gida.
In rana ta faɗa masa a karkace
sunaye tara ke tasowa, wani ƙarƙashin wani,
kamar sawun kaguwa a yashi bayan janyewar ruwa.

Matata tana so ta riƙa yanka kifi a kai.
Na ce ta yanka,
amma ta juya bayansa.